Shekarar Da Na Mayar Da Akushin Yaya

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma ina roƙonsa ya riƙe mini hannu, domin duk sanda na zo kan maganar nan alƙalamin sai ya nemi huda takarda. Ke Hauwa, ke kika janyo shi. Ranar sunan ɗan Aminu kina raba waina a tsakar gida, na ji ki da kunnena kina gaya wa ƙawarki wai Babanku mutum ne mai zuciya, a kan ɗigon ruwa ya bar gidan gado, ya mayar wa yayansa da akushi. Kuka bushe da dariya. Ban ce miki uffan ba saboda taro. Ban ga laifinki sosai ba, abin da aka shayar da ku ke nan tun kuna goye. To yau ku tattara hankalinku, ke da Aminu da Sadiya, ku ji daga bakin mai abin, don na gaji da jin tarihina a bakin waɗanda ko ƙofar ɗakin ba su taɓa leƙawa ba.

Ba zan ɓoye alherin Yaya Ilu don ina fushi ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba, kuma da mahaifinmu ya rasu shi ya ɗauki gidanmu na Daura a ka. Fataucin shanu yake yi daga Mai'adua zuwa kudu, da guminsa na yi karatu har na haye teku. Garin nan kaf Dakta ake ce mini, shi kuwa Ɗanjuma yake kirana har ya koma ga Allah. Ina farkon shiga jami'a 'yarsa ta fari, Binta, ta kwanta da zazzaɓin cizon sauro. Aka kai ta asibiti, aka ba ta maganin da ake ba kowa, ta shanye shi tas, zazzaɓin ko gezau. Da muka dawo daga maƙabarta ya ja ni gefe a zaure, idanunsa jawur.

"Ɗanjuma, kai da kake karatun magani, gaya mini. Ta sha. Da hannuna na ba ta. Me ya hana shi ci?"

"Ban sani ba, Yaya."

"To ka je ka sano."

Ku riƙe wannan magana da kyau. Shi ya aike ni. Duk abin da ya biyo baya, aiken Yaya nake kai.

Yanzu sai ku yi haƙuri in koya muku ɗan abin da ba ku taɓa tambayata ba. Ƙwayar cutar nan tana lulluɓe da wani tantani mai maiƙo, a jikin tantanin kuma akwai wani ɗan sinadari, furotin ake ce masa, da yake aikin ƙofa. Magani ya shiga, ƙofar ta tunkuɗo shi waje, cuta ta ci gaba da harkarta. In kana son toshe ƙofa sai ka san siffarta, ita kuwa ta yi ƙanƙantar da babu madubin da zai nuna maka ita guda. Dabarar da muke da ita a zamanina ita ce a sa dubun dubatar furotin ɗin su jeru sahu-sahu, kowanne ya fuskanci inda ɗan'uwansa ya fuskanta, har su zama ƙwaya guda mai kusurwa kamar ta gishiri. Ita ce ake kira kiristal. Idan ka samu kiristal, sai a haska shi da wani haske mai ƙarfi, dangin na hoton ƙashi, daga yadda hasken ya warwatsu a lissafo siffar ƙofar. A baki abu mai sauƙi. Amma furotin ɗin tantani ɗan taurin kai ne. Ƙugunsa mai yake so, kansa da ƙafarsa ruwa suke so. Ka ciro shi daga tantani ka jefa a ruwa, sai ya dunƙule ya lalace. Dole ka yi masa ɗamara da wani irin sabulu na musamman. To sabulun nan kuma santsi gare shi, ya hana su riƙe juna, sai ta ɗan kai da ɗan ƙafar da suka leƙo kaɗai za su iya kama hannu. Shi ya sa kiristal ɗinsu ba ya da ƙwari ko kaɗan, rabinsa ma ruwa ne da sabulu, kuma akwai masanan da suka yi furfura ba su ga nasu ba.

Ga yadda ake yi. Akwai faranti mai ramuka kamar tandar waina. A kowane rami ka zuba ruwan gishiri mai kauri. Sai ka ɗiga furotin ɗinka a kan ɗan siririn gilashi, ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, ka kife gilashin a bakin ramin ka liƙe, ɗigon yana reto a sama. Ruwan gishirin da ke ƙasa ya dinga zuƙe danshin ɗigon sannu a hankali, wuri ya dinga matse wa furotin. In matsin ya zo da gaggawa sai su zube kamar dusa, aiki ya ɓaci. In ya zo daidai, wata rana sai wasu ƙalilan su haɗu su jeru, su zama iri, sauran su dinga zuwa suna hawa kansu ɗaya bayan ɗaya. Makonni ake yi, wani lokaci watanni. Abu biyu kaɗai yake roƙo: kada zafi ya sauya masa, kada a girgiza shi. Ku gaya mini, don girman Allah, wannan roƙo ya yi yawa?

Na yi shekaru a Turai ina fama da ƙofar nan tare da wani tsohon farfesa, mutumin kirki. Da Inna, kakarku, ta fara tsufa sai na dawo gida na kama koyarwa a jami'a, amma ban saki aikin ba. A hutun ƙarshe da na je wajensa muka tace furotin mafi tsabta da muka taɓa samu, ɗan kaɗan ne, bai cika cokalin shayi ba. Farfesan yana dab da ajiye aiki, za a rufe ɗakin bincikensa. Ya ce in tafi da shi in gwada, ya kuma nema mini gurbi a babbar na'urar hasken nan, gurbin da ake layin shekara kafin a samu. Na taho da shi cikin ƙanƙara, a jirgi ko gyangyaɗi ban yi ba. A jami'a ban yarda in ajiye shi ba, yau babu wuta, gobe an garƙame ƙofa ana yajin aiki. Sai na gyara ɗakin da ke kusa da na Inna a gidanmu, ɗaki mai kaurin bango, na sa sola da batura da na'urar sanyaya ɗaki, na kafa kanta da ba ta motsi, na jera farantaina. Na tara mutanen gida kaf, na ce musu ɗakin nan ba a shiga, abin da ke ciki ba a taɓawa. Har turmin da ake daka a jikin bangon na roƙi mata suka matsar da shi can bakin rijiya. Hajiya Abu, matar Yaya, ta yi ta tsiya a kai.

"Oh ni! Yau ga ɗaki da ya fi mai jego gata. Dakta, ko atishawa ma sai mun fita waje?"

"In da hali, Hajiya," na ce mata, muka yi dariya.

A watannin farko ƙananan kiristal suka fito, sirara kamar ƙaiƙayi, ba su isa haskawa ba. Maganin wannan sananne ne a aikinmu: a farfasa ƙananan a ɗebi irinsu a sa wa sabon ɗigo, yadda Bafillatana take zuba ɗan tsohon nono a madara don ta kama. Abin da ake ɗebo irin da shi kuwa gashi ne, kuma duk duniya masu wannan aiki sun san babu kamar gashin bakin kyanwa. Na tsinci guda a kan tabarmar Inna inda kyanwarta take kwanciya. Kaitona! Ashe an gan ni. Kafin sati ya zagayo magana ta kai majalisar ƙofar gida cewa Dakta ya dawo daga Turai da tsibbu, yana kulle kansa da gashin kyanwa da jinin mutane a faranti. Jinin wa? Ni da ko ɗigon jini babu a ɗakin! Na ji, na yi tsaki, na ce surutun banza ne zai wuce. Babu wanda ya zo ya tambaye ni, kuma har da Yaya a masu yin shirun.

Cikin tsakiyar bazara, wata safiya bayan na karya kumallo, na ɗora faranti a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai na gan su. 'Ya'yana, ban san yadda zan gaya muku ba. Manya ne, a mizaninmu, masu kusurwa shida, gefensu a miƙe sak, garau kamar ba hannun mutum ya haɗa musu ruwa ba. Na juya gilashin madubin suka sauya launi. Na yi sujada a ƙasan simintin nan ina kuka kamar yaro. Na kira mahaifiyarku, ta sa ido, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Subhanallahi," ta ce. "Wannan duk a cikin ɗan ɗigon nan?"

Madubin tsoho ne, ba ya ɗaukar hoto, na ce ba komai, a can za a ɗauka. Na fita da sauri ba ko takalmi, na tarar da Yaya a zaure yana saka hula, direba yana jiransa.

"Yaya, zo ka gani. Abin da ka aike ni nema, ga hanyarsa ta buɗe. Minti ɗaya kawai, ka sa idonka."

"Ɗanjuma, shanu suna mota, rana tana yi. In na dawo."

"Ba zai ɗauke ka komai ba, Yaya."

"Na ce in na dawo. Ai ba guduwa zai yi ba."

Ya dawo, na sake yi masa magana, ya ce ya gaji. Na ƙara, ya ce yana da baƙi. Daga nan na kama bakina.

Saura kaɗan tafiyata. Sai na je Kano karɓar biza da kuma tulun sanyi na musamman da ake daskarar da kiristal a ciki kafin a ɗauke shi. Kwana ɗaya zan yi. Na kulle ɗakin, na bar wa mahaifiyarku makulli saboda ko batir zai yi ƙara. A ofishin bizar ba a shiga da waya, na kashe ta na ba mai gadi, da na fito kuma hidimar tulun ta sa na manta ban kunna ta ba. A daidai wannan yinin Malam Na-Dutsi ya sauka a gidanmu. Tsoho ne tukuf, shi ya karantar da Yaya tun yana yaro, ya zo Daura ganin likita, zafin hanya ya galabaitar da shi har numfashinsa yana sama-sama. Kun san gidanmu, baƙo ba ya kwana a ɗaki na biyu in akwai na ɗaya, balle malamin maigida. Ɗakin da ya fi kowanne sanyi a unguwar nan kuwa kowa ya san shi. Yaya ya tako har ƙofar mahaifiyarku ya yi sallama. Ita ta ba ni labarin, kuma Saude ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Daga bayan labule ta amsa.

"Miƙo makullin ɗakin sanyin nan."

"Yaya, ya ce ko ni kada in shiga sai in batir ya yi kuka."

"Malam ne ba lafiya."

"Allah ya ba shi sauƙi. To Yaya, ko a shimfiɗa masa a ƙasa, a bar kantar yadda take? Wallahi in aka taɓa farantan nan..."

"Malam zai yi salla a ɗakin da ake ajiye najasa? Ke ma kin san abin da ake faɗa. Gidan nan na wane ne?"

Ta kira wayata har ta gaji, a kashe. Ku da kuka tashi a wannan zamani kuna iya cewa me ya sa ba ta hana ba. Matar ƙani ta hana yayan miji makulli, a gidan ubansa, da malaminsa kwance a zaure? Ta miƙa ta ƙarƙashin labule tana hawaye, kuma duk wanda ya ɗora mata laifi ko bayan raina ban yafe ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wai da girmamawa aka yi. Yaya da kansa ya kwashe, bai bar kowa ya taɓa ba. Ya jera farantan a tsaye cikin kwando, gefe da gefe, yadda ake jera faifai, ya kai sito, ɗakin kwanon da muke ajiye buhunan gero na gonar Sandamu. Ya kuma lulluɓe su da bargo don kada ƙura ta hau. Bargo! A bazarar Daura, ƙarƙashin kwano!

Washegari da hantsi na iso, tulun sanyi a hannuna, biza a aljihu. Tun daga zaure na ga mahaifiyarku tsaye, fuskarta ta gaya mini kafin bakinta. Na tura ƙofar ɗakina, ga Malam zaune kan darduma yana jan carbi, ya warware sarai, kanta wayam. Na durƙusa na gaishe shi, don shi bai san komai ba, ya sa mini albarka ya ce bai taɓa barci mai daɗin na jiya ba. Na fita na nufi sito. Da na ɗaga bargon, hucin da ya bugi fuskata kaɗai ya ishe ni amsa. Duk da haka na kwaso su, na zauna a gaban madubi na bi su rami-rami. Yawancin ɗigon sun faɗa cikin ruwan gishiri. Waɗanda suka rage a maƙale, zafi ya raba sabulun da ruwa, sai ƙwallayen mai suna yawo kamar a saman miya. Na duba, na sake dubawa, har idona ya daina gani. Ko ɓarɓashi guda bai tsira ba, kuma ba ni da sauran furotin ko na lasa.

Na sami Yaya a inuwar darbejiyar ƙofar gida da mutanensa. A rayuwata ban taɓa tsayawa a kansa yana zaune ba sai ran nan.

"Yaya, ka san abin da ka yi?"

"Zauna mana, Ɗanjuma. Kayanka suna nan, ko ɗaya bai fashe ba. Ni na ɗauka da hannuna."

"Ka kashe su! Aikin da na ba ƙuruciyata, ka dafa shi a sito!"

"Kai, sassauta murya, akwai baƙo a gida. Na leƙa abin nan fa. Ɗigon ruwa ne. Rijiya tana nan, ka ɗiga wani."

Mutanen majalisa suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba, irin wadda ake yi don a kashe magana, amma har yau ina jin ta a kunnena. A nan aka haifi kalmar da ke, Hauwa, kika maimaita kina raba waina.

Da la'asar sai ga Hajiya Abu da kanta ɗauke da akushin Yaya, baƙin akushin nan na mahaifinmu da ba a fito da shi sai da dalili. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, an yanka zakara. Na san ma'anarsa, ku ma kun sani. A gidanmu babba ba ya buɗe baki ya ce wa ƙarami yi haƙuri. Akushi yake aikowa, ka ci, magana ta mutu, kuma ba a sake tayar da ita har abada. Na zauna ina kallon akushin nan. Na san in na sa hannu, na yarda ke nan cewa abin da ya lalace daidai yake da zakara guda, na yarda ruwa ne. Na mayar da faifan na rufe.

"Hajiya, mayar masa. Ki ce na gode, na ƙoshi."

"Dakta! Rufa mana asiri. Akushin marigayi ne fa, ubanku."

"Na gane shi. Ki ce masa ba tuwo nake jira ba. Ya zo ya ce ya ɓata mini aiki, ya kira abin da sunansa, shi ke nan, ni da kaina zan je in ci a gabansa."

Ta ɗauka, ta ratsa tsakar gida da shi a rufe, kowa yana gani. Kafin magariba Inna ta aiko kirana. Kun san ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne.

"Ɗanjuma, me wancan ya yi maka da zafi haka? Baƙo ya sauka, ya ba shi ɗaki. Abin da ubanku zai yi ke nan."

"Inna, ban hana a ba Malam ɗaki ba. Da raina ma zan ba shi. Amma me ya sa ba a tambaye ni mene ne a farantan ba? Wata nawa ina gidan nan ana cewa tsibbu nake yi, wa ya zo ya ce Ɗanjuma nuna mini?"

"To ya aiko da tuwo."

"Tuwo ba magana ba ne, Inna."

"A gidan nan magana ne," in ji ta, ta juya mini baya.

Na jira shi har damina ta faɗi. Muna haɗuwa a masallaci, in gaishe shi ya amsa, shi yana jira in ba da haƙurin akushi, ni ina jira ya faɗi kalma ɗaya. Na rubuta wa farfesa na ce a ba wani gurbina. Ya ajiye aiki, aka rufe ɗakin bincikensa, aka raba kayan. Na nemi wasu wuraren, kowa ya ce in nuna hoton kiristal ɗin tukuna, ni kuwa shaidata ɗaya ce a duniya, mahaifiyarku. Kullum na ratsa tsakar gida sai in ga ƙofar siton nan, yara kuma sun fara tsokanar Aminu suna ce masa ɗan mai ɗigo. Ranar da ya shigo yana kuka da wannan suna na ce wa Saude ta ɗaure kaya. Muka koma gidan da kuka tashi a ciki, a hanyar Baure.

Ba zan ce muku bai ci mini komai ba. Kun girma ba ku san ɗakunan 'yan'uwanku ba. Inna ta yi jinyarta ta ƙarshe ina zuwa mata kamar baƙo, in yi sallama a gidan da aka yanke mini cibiya, kuma ranar da ta cika sai a waya aka gaya mini. Wannan yana nan a ƙirjina, ba ya tafiya. Bayan wasu shekaru wasu masana a wata ƙasa suka fitar da siffar ƙofar. Na karanta, na ga ta yi kyau, na ce Allah ya amfana, na shiga ɗaki na rufe ban ci abinci ba sai washegari. Ban ce da kiristal ɗina ya kai ga na'ura da na kawo wa duniya magani ba, ni ba maƙaryaci ba ne, tsakanin siffa da magani akwai tafiya mai nisa. Amma ko ba komai da zan iya dawowa zauren nan in ce, Yaya, ga abin da ya hana maganin Binta ci, na gan shi. Abin da nake so ke nan tun ina saurayi. Kuma in kuna jira in rubuta cewa na yi nadamar mayar da akushi, to ku daina jira. Ko yau aka kawo shi a kan wannan sharaɗi, a rufe zai koma.

Da ciwon ajali ya kama Yaya, na je. Kullum ina zuwa, ni nake duba magungunansa, ni nake faɗa da shi ya sha. Wata rana da hantsi, Hajiya Abu ta fita ɗauko kunu, muka rage mu biyu. A ɗakin nan nawa aka kwantar da shi, saboda sanyi. Ya daɗe yana kallon inda kantar take a da.

"Ɗanjuma."

"Na'am, Yaya."

"Abin nan naka. Wai da gaske saboda Binta ne?"

"Kai ka aike ni, Yaya. A zaure, ranar da muka binne ta."

Ya rufe ido, na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can sai ya ce,

"Ni na zaci kwalba za ka kawo mini, ko ƙwaya. Ban san a haka yake zuwa ba." Ya juyo gare ni. "Kai ka gan shi da idonka?"

"Na gan shi."

"Yaya yake?"

Na gaya masa. Kusurwa shida, gefe a miƙe, garau, yana sauya launi in an juya gilashi. Na gaya masa yadda suke hawa kan juna ɗaya bayan ɗaya, da ɗan kai da ɗan ƙafa kaɗai suke riƙe da juna, shi ya sa ba sa jure zafi. Bai katse ni ba, karo na farko a rayuwarmu. Da na gama sai ya yunƙura zai tashi zaune, ya kamo hannun rigata.

"To ɗauko madubin. Yanzu ba na sauri. Nuna mini."

Madubin yana nan a gidana har gobe, cikin akwatinsa. Na riƙe hannun Yaya, ya zama ƙashi zalla, hannun da ya yi mini komai, kuma shi ya jera farantaina a kwando.

"Babu, Yaya," na ce. "Su ke nan. Ba a sake samun wasu ba."

Ya dube ni, bakinsa ya motsa, hawaye ya gangaro masa zuwa kunne. Hajiya Abu ta shigo da kunu. Bai faɗi kalmar da nake jira ba, kuma ban ƙara nemanta ba. Ni na yi masa wanka, ni na shiga kabari na karɓe shi, da liman ya ce a yafe masa na ɗaga murya na ce na yafe, duniya da lahira, kuma har zuciyata na faɗa.

Shi na yafe wa. Kalmar nan ta "ɗigon ruwa" ce ban yafe ba, kuma ba zan yafe ta a bakin 'ya'yana ba. Hauwa, mahaifiyarki tana ɗaki, da ranta da hankalinta. Kafin ki sake ba wata labarina, je ki zauna a gabanta ki tambaye ta abin da ta gani a cikin ɗigon nan. Yayana sai da ya zo gargara ya tambaya, ya tarar babu abin nunawa.